Layi Ukun da Baba Gwadabe Ya Tsallake

Akwatuna goma sha ɗaya ne a hannun Mahbuba, kuma ta san halin kowanne kamar yadda mai kiwo ya san awakinsa. Kowane akwati bai fi bulo girma ba. An kafe su a bangon ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, farantin sola a kan rufi yana ba su wuta. A cikinsu ake ajiye bayanan masu juna biyu da na rigakafin yara: wace ce ta zo awo, wace ce jininta ya hau, wane yaro ne aka makara ba a kawo shi allura ba. Ma'aikatan wurin da wayoyinsu suke shiga ta waifai su rubuta, da la'asar kuma akwatin ya tura abin da ya tara zuwa ofis a Birnin Kudu.

Wata ƙungiyar agaji ce ta kawo su shekara tara da suka wuce. Ta yi shekara uku ta naɗe tabarmarta, kamfanin da ya ƙera akwatunan shi ma ya rufe, aka bar su a wuyan ƙungiyar ungozomomin yankin da kuma mutum ɗaya, Malam Gwadabe, tsohon ma'aikacin tarho wanda ya koyi kwamfuta da furfurarsa. Shi ne ya je har zauren mahaifin Mahbuba, lokacin da ta gama karatun kwamfuta ta dawo gida tana koyar da lissafi a Islamiyyarsu, ya roƙi a ba shi aronta. Shekara biyu suna aiki tare. Bara ciwon sukari ya ci ƙarfin idonsa, ya koma gidansa na Gwaram, ya bar mata makullin ofis da laftof ɗinsa.

A can ƙasan kowace na'ura irin wannan akwai manhajar da ke riƙe da komai, ita ke raba wa saura aiki, ita ke magana da ƙarfen na'urar. Masu sana'ar suna kiranta kanel. Wadda ke cikin akwatunan Mahbuba mutane ne barkatai a duniya suke rubuta ta, a fili, kowa yana gani, kuma duk bayan 'yan watanni sai sun fito da sabon zubi. Akwatunan kuwa sabon zubi ya fi ƙarfin cikinsu, a tsoho suka tsaya. In aka gano wata kafa da mugu zai iya bi ya shiga, a sabon zubi ake fara toshe ta da ɗan gyaran da ake kira faci. Sai wani ya ɗauko facin nan ya sake yanka shi daidai jikin tsohon zubi, ya aika wa wata mata a wata ƙasa mai nisa, wadda ita ce ke kula da tsohon, ta duba ta karɓa ko ta mayar. Rabin aikin Mahbuba ke nan.

Wata Talata a tsakiyar damina ta buɗe imel da safe ta tarar da sanarwa. An gano kafa a ɓangaren waifai. Duk wanda ya zo kusa da na'ura da waya ko laftof, ko bai san kalmar sirri ba, zai iya jefa mata wani saƙo da zai rikita ta, ya shiga ya karanta abin da ke ciki. Mahbuba ta tuna rumfar masu cajin waya da ke jingine da katangar ɗakin shan magani na Sundimina, inda samari ke wuni. Ba ta zargin kowa a cikinsu. Amma a cikin akwatin nan akwai sakamakon gwajin jinin matan da ko mazajensu ba su gaya wa ba tukuna.

An riga an fito da facin sabon zubi, kuma ɗan ƙarami ne. Ta ɗauko shi ta ɗora a kan tsohon, ya ƙi zama. Wannan ba baƙon abu ba ne, shi ya sa ake bukatar mutum. Ta buɗe wurin biyu gefe da gefe tana bi layi-layi, sai ta ga inda suka rabu. Sabon facin ya dogara ne da wasu layuka uku da wani tsohon faci ya saka shekara huɗu da suka wuce. A sabon zubi layukan suna nan. A tsohon babu su. Ta duba tarihin wurin don ta ga wanda ya yanko wancan facin ya kawo shi tsohon zubi, ta ga sunan: Gwadabe Ƙasimu. A ƙarƙashin sunan ya rubuta cewa facin daidai yake da na sabon zubi, ba a canza komai ba.

Ta daɗe tana kallon sunan. Ta san wannan facin. Shi ne na farko da aka taɓa karɓa daga hannunsa, ya buga wasiƙar karɓar a takarda ya liƙa a bangon ofis, har yanzu tana nan ta yi ja. Yanzu ga shi ashe kafar da aka ce ya toshe rabi ya toshe, shekara huɗu tana buɗe, kuma ba a akwatunansu kaɗai ba, a duk inda ake amfani da tsohon zubin.

Ta ce a ranta ido ne. Tun lokacin ƙila ya fara gani dishi-dishi bai faɗa ba. Ta yanke shawarar ba za ta tayar wa dattijo da hankali ba. Za ta mayar da layukan uku a cikin nata facin, ta ɗora sabon a kai, ta aika ba tare da ta ambaci kowa ba. Haka ta yi. Ta gina kanel ɗin, ta loda wa akwatin gwaji da ke ofis, ya tashi lafiya. Ta jefa masa mugun saƙon da kanta, ya yi watsi da shi. Ta bar shi yana aiki kwana biyu bai yi tari ba.

Kafin ta aika wa matar nan, ta ga ya kamata ta fara rufe nata akwatunan. Ranar Alhamis ta kwafe sabon kanel ɗin a filas na kwamfuta, ta sa a jaka, ta hau motar Maikano, direban da ke kai ungozomomi ƙauyuka. A Sundimina minti ashirin ta yi ta gama. Daga nan suka nufi Kangire, suka isa wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ranar awo ce, mata sun cika barandar har gindin darbejiya.

Malama Indo, ungozomar wurin, mace ce mai jiki da ba ta son a tsayar mata da layi. Ta ce, "Injiniya, minti nawa?"

"Goma, Malama. In ya yi yawa sha biyar."

Ta loda, ta kashe akwatin ta kunna. Koriyar fitilar ta kama, ta yi ƙiftawa biyu, sai ta tsaya cak. Waifai bai fito ba. Ta jira, ta sake kashewa ta kunna, ya sake tsayawa a daidai wurin. 

Malama Indo ta leƙo da wayarta a hannu. "Ga wata nan Zahara'u, wata takwas, ƙafafunta sun kumbura. Ina son in ga awon jininta na watan jiya."

"Ki ba ni kaɗan, Malama."

"Ni zan ba ki. Ita ce ban sani ba ko za ta iya jira." Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta juya ta ɗauko tsohon littafin rajista daga saman kabad, ta kaɗe shi, ta ce wa matar ta kwanta a gwada ta sabo.

Malam Gwadabe ya koya wa Mahbuba kada ta taɓa goge tsohon kanel sai sabon ya kwana. Don haka yana nan a gefe. Ta kwance murfin akwatin, ta haɗa shi da laftof ta igiya, ta umarce shi ya tashi da tsohon. Sai da aka yi kusan awa guda kafin waifai ya dawo. Malama Indo ta duba awon watan jiya, ta kwatanta da na yau, ta ce wa Maikano in zai koma Birnin Kudu ya tafi da Zahara'u da ƙanwar mijinta babban asibiti, ba gaggawa ba ce amma ba ta son ta kwana a ƙauye. A hanya Mahbuba tana gaba, matan biyu suna baya, ba ta iya juyawa ta dube su ba.

Da murfin yake buɗe ta lura da abu ɗaya. Katin rediyon da ke cikin akwatin Kangire, wato abin da ke watsa waifai, ba irin na ofis ba ne. Kore ne, na ofis shuɗi. Ta kwana da abin a ranta, ta wayi gari ta san ba ta da wanda za ta tambaya sai mutum ɗaya.

Ranar Asabar ta shiga motar Gwaram. An yi ruwa da asuba, gero ya kai ƙugu a bakin hanya, motar tana tsayawa a kowane ƙauye. Ta isa da hantsi. Hajiya Lailatu, matar Malam Gwadabe, ta tare ta a tsakar gida tana tankaɗe, ta yi mata faɗan rama, ta nuna mata rumfa. Yana zaune a kan buzu da baƙin tabarau, rediyo a gefensa.

"Wannan takun na Mahbuba ne," in ji shi. "Ke kaɗai ce ke tafiya kamar ana binki."

Suka gaisa, ya tambayi mahaifinta da ɗalibai, ya tambayi akwatuna ɗaya bayan ɗaya da sunan garinsu. Da ya zo kan Kangire sai ta buɗe masa zancen.

"Baba, na loda masa sabon kanel shekaranjiya, ya ƙi tashi."

"A ina ya tsaya?"

"Daidai inda zai kunna rediyo."

Ya miƙa hannu ya kashe rediyonsa. "Me kika taɓa?"

Ta ba shi labarin sanarwar, da facin da ya ƙi zama. Ta yi ta kewaye-kewaye, tana cewa ta ga kamar akwai wasu layuka da suka faɗi a hanya, wataƙila wajen kwafa, abin da ke faruwa da kowa. Ya bar ta ta gama.

"Layi uku," ya ce. "Na kulle da na buɗewa, da na duba tsawon saƙo a tsakaninsu."

"Ka tuna su, Baba?"

"Ba faɗuwa suka yi ba. Ni na cire su."

Hajiya Lailatu ta kawo kunun tsamiya ta ajiye ta koma. Babu wanda ya taɓa kofin.

Ya yi mata bayani a hankali, kamar yadda yake yi a ofis da. Layukan nan suna sa kanel ya kulle wani ɗaki a ƙwaƙwalwar na'ura kafin ya taɓa abin da ke ciki. To akwatuna uku na farko da aka kawo, na Kangire da na Zandam da wani da ya mutu, koren rediyo gare su, kuma manhajar koren rediyon ita ma tana kulle wannan ɗakin da kanta kafin ta yi kira. Sai akwatin ya tsaya a bakin ƙofa yana jiran makullin da ke hannunsa, har abada.

"Na yi kwana shida ina nema," ya ce. "Lokacin ana fama da amai da gudawa a Zandam, kullum sai an kira ni a ce akwati. Da na cire layukan sai komai ya tashi. Na ce rabin toshiya ta fi babu, in an samu sarari zan dawo in gyara. Ban dawo ba."

"Amma Baba, ka rubuta cewa ba a canza komai ba."

Ta ji nauyin maganar bayan ta fita. Ya sunkuyar da kai yana murza bakin buzun da yatsa.

"Na rubuta. Ina da shekara sittin da ɗaya, ban taɓa zama a ajin kwamfuta ba, Turancina na gyaran tarho ne. Na ga in na ce na cire wani abu za su yi mini tambayoyin da ba zan iya amsawa ba, su gane ko ni wane ne, su mayar mini. Ita kuma baiwar Allah mai kula da tsohon zubin ta yarda da maganata ta karɓa. Kin ga takardar da na liƙa a bango? Ko sau ɗaya ban taɓa kallonta na ji daɗi ba."

Mahbuba ta dube shi. Mutumin nan shi ya hana akwatunan mutuwa shekara biyar ba tare da wani ya ce masa sannu ba. Ta ga ya hau babur cikin ruwa zuwa Zandam saboda batir ɗaya. Haushin da ta taho da shi daga Kangire, wanda ba ta ma yarda tana da shi ba, ta neme shi ta rasa.

"Ni ma ɓoyewa na so in yi," ta ce. "Na mayar da layukan a cikin nawa facin, ban yi niyyar gaya wa kowa ba. Da na aika haka, da duk mai koren rediyo a duniya na kashe masa na'ura."

"To kin ga. Buɗe laftof ɗin."

Suka zauna a rumfar har azahar, suka yi salla, suka dawo. Ita ke karantawa da ƙarfi, layi-layi, har da baka da waƙafi, shi kuma yana saurare da kai a karkace. Wani wurin ya ce ta maimaita, wani wurin ya ce ta wuce, ya san shi. Tunaninsa shi ne, tunda sabon zubi yana da layukan uku kuma koren rediyo bai mutu a can ba, to lallai wani ya taɓa gyara manhajar rediyon a wani lokaci, gyaran bai zo tsohon zubi ba. Da can ya nema a shekarar da aka yi facin. Mahbuba ta ce su koma baya sosai. Ta bi tarihin fayil ɗin shekara ɗaya, biyu, tana karanta masa kan kowane gyara. Wajen la'asar ta karanta wani da aka yi wa take da "share-share", wanda ba wanda zai ɗauka yana da muhimmanci.

"Tsaya," ya ce. "Karanta cikinsa."

Ta karanta. Wani ne ya cire kullewar daga manhajar koren rediyo, shekara biyu kafin facin Malam Gwadabe, don kawai ya ga ba ta da amfani a wurin.

Dattijon ya cire tabarau ya goge idonsa da hannun riga. "Shekara biyu. Ni wata shida kawai na koma baya na gaji."

Faci uku ke nan za ta aika a jere: na share-sharen, sannan layukan uku, sannan sabon. Ta fara rubuta bayanin na biyu, ta karanta masa: an ƙara wasu layuka da babu su a tsohon zubi.

"A'a. Rubuta cewa wannan yana gyara facin Gwadabe Ƙasimu na shekara kaza, wanda ya cire layi uku da gangan saboda koren rediyo, bai kuma faɗa ba."

"Baba, duniya ce za ta karanta. Kuma ba a gogewa."

"Wani yana can da na'urarsa, ya ga sunan facina a jerin, ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Ta yaya zai san ya duba in ba a faɗa ba? Rubuta. In kina jin kunyata ne, ki ce ni na sa ki."

Ta rubuta yadda ya ce. Abu ɗaya ta sauya, ta kuma gaya masa ta sauya: ta ƙara cewa shi ne ya nuna mata inda matsalar take. Ya ce to, wannan ma gaskiya ne.

Ba ta aika ba sai da ta gwada. Ranar Litinin ta koma Kangire, ta zaɓi bayan azahar lokacin da layi ya watse. Malama Indo ta ajiye littafin rajista a kan tebur tun kafin a ce mata komai, ta ce Zahara'u tana nan an riƙe ta a asibiti, jikin da sauƙi. Mahbuba ta loda ta kunna. Fitilar ta yi ƙiftawa biyu, ta yi ta uku, waifai ya fito a wayar Malama Indo. Ta jefa masa mugun saƙon, ya yi watsi da shi. Washegari ta yi na Zandam, shi ma ya tashi. A nan gindin katangar ɗakin shan maganin, inda sabis ya fi ƙarfi, ta tura facin uku.

Amsa ta zo bayan kwana biyu, gajeriya. Matar ta ce ta karɓi duka ukun, za su fita a zubin mako mai zuwa, ta kuma gode da bayanin da aka yi dalla-dalla. Ta ce laifin rabi nata ne, ita ta karɓa ba ta kwatanta ba. Sannan ta yi tambaya: a cikin masu taimaka mata babu wanda ya rage da koren rediyo, ko Mahbuba za ta yarda ta riƙa gwada mata duk facin da ya shafi waifai kafin a fitar?

Mahbuba ta kira Gwaram ta fassara masa wasiƙar a waya. Ya sa ta maimaita wurin da matar ta ce rabin laifin nata ne, ya ce Allah Ya saka mata, amma ba haka ba ne.

"Maganar gwajin fa, Baba? Ba zan riƙa gwaji a kan na Kangire ba. Na yi sau ɗaya ya ishe ni."

"Na ukun da ya mutu yana nan wajena. Wutarsa ce ta ƙone, rediyon lafiyarsa ƙalau. Ki cire ki sa a na ofis."

Daga nesa ta jiyo muryar Hajiya Lailatu tana cewa in dai wannan akwatin ne na ƙarƙashin gado, a zo a ɗauka yau, har da buhun wayoyin da ke bayansa. Mahbuba ta ce Maikano zai bi ta Gwaram ranar Laraba. Ta ajiye wayar, ta jawo laftof, ta rubuta wa matar cewa ta yarda.